Mai Gero A Rumbu Ba Ya Gaggawa

'Ya'yana na Sakajiki, da ku na Shinkafi da Zurmi, ku ba ni aron hankalinku. Maganar kunne ce da aljihu, domin a ƙasarmu yanzu abin da ya shiga kunne ba ya daɗewa sai ya taɓa aljihu.

Mu da muka tashi da rediyo mun san masu ba mu labari da sunansu. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, na Jamus tun 1963, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna. Su ma sukan yi kuskure, kuma kowanne da inda ya karkata. Amma gidan rediyo yana da suna da mazauni. In ya yi ƙarya yau, gobe za a tuna masa. Saƙon muryar da ke yawo a WhatsApp fa, wa za ka kama? An ce an ce ne, a rufe da "don Allah a tura wa 'yan'uwa". A watan Agustan 2014 irin wannan saƙo ya tashi mutane cikin dare, wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola. Wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, alhali cutar ba ta kama kowa a Arewa ba.

Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi sarƙar waɗanda suka kawo ta, mutum bayan mutum, kuma a Suratul Hujurati an umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari. To, ku ari wannan ɗabi'a. Wanda ya turo maka, shi ya gani da idonsa ko ji ya yi? In hoto ne, na yaushe ne, a wane gari? Kuma wa zai ci riba in ka gaskata?

Kada a fahimce ni a baibai. In aka ce ɓarayin daji sun taso, ban ce ku tsaya tambaya ba. A kauce tukuna, rai ya fi komai, kuma Sakajiki ta ga abin da ta gani a harinsu na Oktoban 2021. Inda nake roƙonku shi ne bayan an tsira. Kafin ka ce wane infoma ne, ka tuna irin wannan kalma ta sa an kashe mutane a jiharmu ta Zamfara ba tare da alƙali ya saurare su ba. Harshenka kada ya ɗauki jinin da ba za ka iya biya ba.

Yanzu ga inda aljihu ya shigo. Tantance labari yana buƙatar jira, jira kuwa sai mai ajiya. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Ɗan'uwa na Kano ko Legas ba ya da hanyar sanar da kai ya turo kuɗi, dabba ba wurin sayarwa. Gidan da ke da dawa a rumbu da ɗan canji a ƙulle ya sha wuya, amma bai yi bara ba. Haka aka sake yi a farkon 2023 da canjin kuɗi: kullum da sabon zance game da tsofaffin takardu, masu POS suna yankar rabonsu, mai matsuwa yana karyar da kayansa don ya riƙe tsaba. Gwamnatin jiharmu, tare da ta Kaduna da ta Kogi, ta kai ƙara Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris aka yanke cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. Wanda ya riga ya sayar da tunkiyarsa a wulaƙance, hukuncin bai dawo masa da ita ba.

Mai hannu wofi kuma shi 'yan damfara suka fi so. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari duk wata, ta kulle kuɗin jama'a a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka maka cikin wata guda, ta rushe a Afrilun 2025. Ni dai tambayata ɗaya ce ga duk mai irin wannan tayi: wace sana'a ce ke haifar da ribar? Ɗan kasuwar da ke saro wake a Kaura ya kai Kudu zai iya lissafa maka kuɗin buhu, da na mota, da na lebura, da abin da ya rage masa. Wanda ba zai iya yin haka ba, kuɗin wanda ya shigo bayanka yake ba ka.

Tsimi ba rowa ba ne, kada ku ji kunyarsa. Ɗana, zauna ka lissafa abin da data ke ci maka a wata, ka mayar da shi tiyar gero. Lissafin zai ba ka mamaki. 'Yata, ba kowane biki ne sai da anko ba, kuma wadda ta ƙi ki saboda atamfa daman ba ƙawa ba ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne manomin da zai kwashe amfaninsa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, don sabuwar waya ko hidimar nuna isa, sannan da damina ta yi tsakiya ya koma sayen geron nan da tsada, wani sa'in da bashi. Ku fitar da zakka, ku ware abincin shekara, ku ware iri, abin da ya saura shi ne na kasuwa. Ku shiga adashi da mutanen da kuka san gidajensu. Kuma tunda zamani ya lalace har ana kore dabbobi ana ƙone rumbuna, kada ajiyar ta taru wuri ɗaya: kaɗan a hatsi, kaɗan a kiwon cikin gida, kaɗan a asusun banki da sunanka, lambar sirrin kuma ko wanda ya bugo ya rantse daga banki yake, kada ka karanta masa.