Daga Argungu Zuwa Jami'a da Goyo

Tambaya: Ina Argungu, ina da aure da goyo, na samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. In riƙa zuwa ina dawowa kullum?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki fara. Mazaunin jami'ar na dindindin yana wajen Kalgo, sai kin ratsa Birnin Kebbi kafin ki isa. Laccar ƙarfe takwas ba ta jiran motar haya ta cika. Jami'o'inmu, gaskiya, don 'yan mata marasa ɗawainiya aka tsara su. Ki zauna da maigida, ku nemi ɗaki kusa da jami'ar, ko gidan dangi da mai reno, ki riƙa komawa Argungu ranar Juma'a. Ki sanar da ofishin kula da ɗalibai halinki tun kafin rajista. In ya gagara, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie nan Argungu, kada ki raina ta.