Koyar da Motsin Lilo ta Hanyar Samfuran Kwamfuta da Ɗalibai Suka Ƙera

Motsin lilo, wato kai-da-kawowar abu a kusa da inda yake tsayawa idan ya huta, yana daga cikin darussan kimiyyar Fiziks da ɗalibi kan haddace ƙa'idarsu ba tare da ya fahimce su ba. Wannan maƙala ta dubi hanyar da ake sa ɗalibi ya ƙera samfurin lilon da kansa a kwamfuta, maimakon a nuna masa wanda aka riga aka kammala.

Manhajojin da ake amfani da su iri biyu ne. Akwai irin su PhET, wadda Carl Wieman ya assasa a Jami'ar Kolorado ta Amurka a shekarar 2002, inda ɗalibi ke sauya tsawon igiya ko nauyin dutse ya ga sakamako. Akwai kuma Easy Java Simulations ta Francisco Esquembre na Jami'ar Mursiya a Sifaniya, wadda ke buƙatar ɗalibi ya rubuta dokar motsin da hannunsa. A ganin mai wannan nazari, ta biyun ta fi tona inda fahimta ta tsaya.

Kwamfuta ba ta karɓar magana a dunƙule. Kafin lilon ya motsa, dole ne ɗalibi ya raba abubuwan da kalmar "lilo" ta haɗe: nisan da dutsen ke kaiwa gefe, lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo, da ƙarfin da ke mayar da shi tsakiya. A nan masana harshe suke da aiki. Alal misali, "maganaɗisun ƙasa" da ake yawan kiran ƙarfin da ke jawo abu ƙasa yana iya sa ɗalibi ya zaci dutsen ƙarfe zai fi na katako saurin lilo. Samfurin zai nuna masa cewa lilo mai igiyar mita 1 yana ɗaukar kimanin sakan 2 ya je ya dawo, ko da me aka rataya, kuma sai an ninka igiyar sau 4 lokacin ke ninkuwa sau 2.

Darasi mafi armashi, duk da haka, daga kuskure yake fitowa. Idan ɗalibi ya bi hanyar lissafi mafi sauƙi, ta Euler, inda ake gano sabon matsayin dutse da tsohon saurinsa, lilon zai riƙa ƙara nisa a kowane zagaye ba tare da wani ya tura shi ba. Duk wanda ya taɓa hawa lilo ya san wannan ba ya yiwuwa. Sai tambaya ta taso: daga ina ƙarin kuzarin ya zo? Gyaran da Alan Cromer ya bayyana a 1981 ɗan kaɗan ne: a fara sabunta saurin, sannan a gano matsayin da shi. Musanya layi biyu kawai, lilon ya daidaita. Ɗalibin da ya yi wannan gyara ya taɓa dokar adana kuzari da hannunsa.

Haka kuma ƙa'idar da ke cikin littattafai ta ƙaramin lilo ce kurum. Idan aka saki dutsen daga kusurwar digiri 90, lokacin kan ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100. Ya kamata malami ya sa a gwada wannan da igiya da dutse na gaske, a auna da agogon waya, a kwatanta da abin da ke kan allon kwamfuta.