Fenti Ba Ya Koyar da Karatu: Yadda Ake Kwatanta Makarantun Firamare na Karkara

Duk shekara idan lokacin furojet ya zo, sai ka ga wasu cikinmu 'yan ajin ƙarshe sun ɗauki batun kwatanta ingancin makarantun firamare na gwamnati a ƙaramar hukumarsu. Batu ne mai kyau, amma a wuri ɗaya ake yawan ɓata shi. Ɗalibi zai hau acaɓa ya zaga makarantu biyar, ya ɗauki hoton gini, ya ba hedimasta takardar tambayoyi, sannan ya dawo ya rubuta cewa wadda aka yi wa sabon fenti ita ce kan gaba. To, ɗan uwa, gini ka auna. Tambayar da ta kamata ita ce: yaron da ya shekara huɗu a wannan makarantar, ya iya karatu kuwa?

Fara da ma'aunin hukuma

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Hukumar UBEC tana samun kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓar kasonta na ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa. A jiha, SUBEB ce ke kula da makarantun, a ƙaramar hukuma kuma ofishin sakataren ilimi. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ta kuma tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Da wannan za ka fara gwada kowace makaranta.

Ƙirga da idonka

Rajista daban, aji daban. Kada ka tambayi malamai nawa aka turo, ka ƙirga waɗanda ka tarar a gaban allo da ƙarfe tara na safe. Haka ma yara. Kuma zuwa ɗaya ba ya isa. Ka je ranar kasuwar garin, ka koma wata rana, domin a karkara talla da aikin gona na damina da na kaka suna kwashe yara daga aji. Ka duba ko littattafan suna hannun yara ko suna kulle a kabad ɗin hedimasta. Ka duba ruwan sha da banɗaki, musamman na mata. Ka tambayi kwamitin SBMC yaushe suka yi zama na ƙarshe.

Gwajin minti ɗaya

Nan ne zuciyar aikin. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara binciken ASER a 2005, inda ake bin yara har gida ana ba su harafi, kalma, sakin layi da ɗan labari su karanta. Shekara da shekaru sakamakon yana nuna cewa kusan rabin 'yan aji biyar na karkara ba sa iya karanta rubutun aji biyu, alhali sunayensu na cikin rajista. A nan gida ma an yi gwajin EGRA da Hausa a jihohin Bauci da Sakkwato.

Kai ma za ka iya. Rubuta ɗan labari da Hausa mai sauƙi, ka ba yaron aji huɗu, ka duba agogo, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Ƙara masa lissafin ɗebewa guda biyu. Amma fa kada ka bari malami ya zaɓo maka yara, don wallahi gwanayen ajin zai kawo. Ɗauki rajista ka riƙa zaɓar kowane suna na uku. Kafin komai, ka nemi izinin sakataren ilimi da na hedimasta, kuma kada sunan yaro ko ɗaya ya fito a rahotonka.

Yi adalci

Makarantar da ke hedikwatar ƙaramar hukuma, inda 'ya'yan ma'aikata ke zuwa kuma ana yi musu darasi a gida, ba sa'ar ta ƙauyen da sai an tsallaka rafi ba ce. Don haka ka yi gwajin sau biyu, farkon zango da ƙarshensa. A ce a makarantar gari yara 12 cikin 20 sun karanta labarin da farko, a ƙarshe suka zama 13. A ta ƙauye kuwa daga 3 suka koma 9. Wace ce ta fi koyarwa? Ta ƙauyen mana, duk da har yanzu tana baya. Idan ba ka nuna haka ba, ka zalunci malamin da ke taka keke kullum yana aikinsa tsakani da Allah.

Da yawa daga cikinmu daga irin waɗannan makarantun muka fito, ƙannenmu kuma suna can yanzu haka a kan tabarma. Idan ka gama, kada rahoton ya tsaya a teburin malamin da ke duba maka. Buga kwafi ka kai wa sakataren ilimi da shugaban SBMC, wataƙila ya sa a tura malami inda aka fi buƙatarsa. Allah Ya ba mu sa'a.