Darasin Kasuwa: Katakon Ƙotar Bindiga da Dokokin da Suka Kewaye Shi

  

Darasinmu na yau a kan wata 'yar haja ce wadda cinikinta kaɗan ne amma maganarta da tsawo, watau katakon da ake sassaƙa ƙotar bindiga da shi. Maharba da 'yan bindigar Sarki masu rakiyar hawan Salla sukan zo rumfar 'yan katako idan ƙota ta tsage ko gara ta ci ta. A da ba wata magana, sai a nufi masassaƙi. Yanzu kuwa wasu sun ga hoton wata ƙota mai zane-zane a waya, sai su ce su lalle irin wannan suke so, katako mai hawa-hawa na Turawa. Dillali ya ji haka, ya ce akwai, ya tafi ya ɗauko filawud. To, a nan asara take farawa.

Da farko mu bambanta abu biyu. Filawud, wanda ake sayarwa ƙafa 4 a faɗi ƙafa 8 a tsawo, ɓawon katako ne sirara aka jera aka manne. Amma kowane hawa an gitta jijiyarsa a kan na ƙarƙashinsa, wannan ya miƙe tsaye, wancan ya kwanta a gicciye, shi ya sa yawan hawan yakan zama mara, 3 ko 5 ko 7. An yi haka ne don allon ya zauna shimfiɗe, ya yi ƙofa ko kabad ko silin. Shi kuwa katakon ƙota, galibin hawansa jijiyarsu hanya ɗaya ta bi, daga kai zuwa gindi, an matse su da gam mai ƙarfi a cikin inji da zafi har suka zama dunƙule guda, kaurinsa ya haura inci 2, tsawonsa wajen ƙafa 3. Wanda ya manna filawud uku ya ce ya yi irinsa, ranar da aka sa masa gizago zai ga rabin hawan yana ɓarɓashi, gama an sassaƙe shi ta inda ba shi da ƙarfi. Bulokbod da MDF kuwa kada ma a kawo zancensu, ɗaya guntaye ne a ciki, ɗaya gari ne aka daskarar, ruwan damina ɗaya ya ishe shi.

Asalin abin ma ba ado ba ne, rashi ne ya kawo shi. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta rasa isasshen icen walnat, wanda shi ne Turawa suka saba yin ƙota da shi, sai ta koma manna ɓawon wani ice mai araha. Aka tarar ya fi nauyi, amma ba ya lanƙwasa idan ya sha ruwa ya bushe. Bayan yaƙi Rasha ita ma ta bi wannan hanya. A yau yawancinsa da icen bac ake yi, wani farin ice na ƙasashen sanyi, a rina kowane hawa da launi, shi ne zanen da ake gani. Rasha tana cikin manyan masu sayar da allon bac a duniya, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta hana sayen katakon Rasha saboda yaƙin Yukuren, sai haja ta yi wuya, ta yi tsada ko a can.

Yanzu sai maganar shigowa da shi. Mutane da yawa suna cewa "an hana", alhali hanin iri-iri ne, kuma dillalin da bai rarrabe su ba yakan ji tsoro inda babu abin tsoro, ya kuma saki jiki inda ake kamu.

Dattawan kasuwa suna tune da zamanin lasisin shigo da kaya, wanda ya tsananta a 1982 lokacin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Shagari, aka soke shi a 1986. Suna kuma tune da rufe iyaka daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986. Na kusa-kusa shi ne na Yunin 2015, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da jerin kaya 41 waɗanda ba za a ba su dala ta hanyar banki ba. Filawud yana ciki, da allon garin katako, da ƙofofin katako, har da tsinken sakace. A lura da kyau, wannan hanin dala ne, kayan kansu ba a haramta su ba. Mai shigowa da su sai ya nemi dalarsa a kasuwar bayan fage, ya ɗora tsadar a kan mai saye. A Oktoban 2023 bankin ya janye wannan hani. Saboda haka duk wanda ya ce muku yau filawud haramtaccen kaya ne don ya ƙara kuɗi, ku ce masa labarinsa ya tsufa. Abin da ke kansa shi ne abin da ke kan kowane kaya: Fom M a banki, shaidar inganci, da biyan kuɗin kwastan.

Ta wajen arewa kuwa, mu da muke bakin iyaka mun fi kowa sani. An rufe iyakoki a Agustan 2019, aka buɗe Maigatari a Disamban 2020 tare da Seme da Illela da Mfum. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Amma duk wannan bai taɓa hajarmu ta yau sosai ba, don Nijar ba ta da kurmi, ba ta da masana'antar filawud. Katako daga kudu yake hawowa, ya sauka 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo a Kano, kana ya ƙaraso mana. Idan wani ya tare ku ran Alhamis a kasuwar Maigatari ya ce yana da katakon Turai da ya ɓullo ta Damagaram, ku tambaye shi takardar kwastan kafin ku tambayi kuɗi. Mai son haurawa da katako ta can kuma ya sani, katako ɗanye ko yankakke ya daɗe a cikin jerin kayan da Nijeriya ta hana fitarwa.

Hani na uku shi ne mai haɗari, kuma ba na katako ba ne, na bindiga ne. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Irin su bindigar harbin tsuntsu mai harsashi sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki, irin su adaka, lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin da ya shafe mu shi ne, a wurin wannan doka kalmar bindiga ta haɗa har da sassanta. Ke nan dunƙulen katako mai kusurwa huɗu katako ne, amma da zarar an sassaƙe shi an fafe masa mazaunin ƙarfe, ya tashi daga hajar 'yan katako. Wanda ya yi odar ƙota sassaƙaƙƙiya daga waje ba da lasisi ba, ko ta jirgi ko ta gidan waya, ya saka kansa cikin maganar da la'ada ba za ta fitar da shi ba. Haka nan ƙera bindiga ko gyaranta, doka ta ce sai da izini a rubuce daga Sufeto Janar, ko da ta gargajiya ce. Dokar soja ta 1984 kan fashi da makami ta yanka wa mai riƙe bindiga ba lasisi tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu. Kuɗin ya zama ba komai a yau, shekarun kuwa suna nan yadda suke. Kwastan ma idonsu a buɗe yake kan kayan gini tun Janairun 2017, da aka kama bindigogi 661 a Ikko an ɓoye su cikin kwantenar ƙofofin ƙarfe.

Don haka mu a ganinmu, mai rumfa ya sayar da katako a matsayin katako, ya rubuta rasit da sunan ice da awonsa. Idan mai saye ya ce na ƙota ne, ba laifi ba ne a ce masa, "Malam, ina lasisinka, wa kuma zai yi maka aikin?" Maharbin gari sananne ne, Sarkin Baka ya san shi, mai unguwa ya san shi. Baƙon da ya zo yana neman guda ashirin awo ɗaya, ba ya taya ba ya ragi, wannan cinikin a bar shi ya wuce. Halin da ƙasa take ciki ba sai mun faɗa muku ba.

To, idan mai lasisi ne, me za a ba shi? Mu dai ba mu ga dalilin wahalar neman na Turai ba. Kanya ice ne mai nauyi da laushin jijiya, gara ba ta cika damunsa ba, kuma tun da can masassaƙa suna yin ƙotar bindiga da shi. Maɗaci yana karɓar sassaƙa, yana yin ja mai kyau idan ya sha mai. Ƙirya ta fi su tauri, ita ce ta turmi da gawayin maƙera, sai dai tana cin bakin gizago, nauyinta kuma yakan gajiyar da mai yawon daji. Marke na ƙotar fartanya ne da gatari, yana son tsagewa wurin bushewa. Gawo kada a kula shi, ƙwari suna son sa. Darbejiya ga ta ko'ina a ƙasar Gumel, kuma tsohuwar darbejiya tana ba da katako mai kyau, dangin maɗaci ce. Amma wadda ke cikin shingen da gwamnati ta dasa don tare hamada ba ta sara ba ce, sai a nemi malamin daji a ji wadda aka yarda a taɓa.

Maɗobiya tana da tata magana. Ita ce aka yi ta lodi zuwa ƙasar Sin daga dazukan Taraba da maƙwabta, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A taron Panama na Nuwamban 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a jerin. Wannan doka ta cinikin tsakanin ƙasa da ƙasa ce, ba ta hana kafintan Gumel aiki da guntun da ya saya a Kano ba. Amma mai niyyar tsallaka iyaka da su ya san da ita.

Wanda ya nace sai mai hawa-hawa, kafinta gwani yana iya yi masa a gida. A tsaga busasshen ice falle-falle, a goge fuskokin su haɗu ba rata, a jera jijiya hanya ɗaya, a shafa gam, a matse sosai a bar shi ya kwana biyu. Wasu sukan sa falle ja, falle fari, zane ya fito. Asirin duka yana ga gam. Farin gam na kujera ba ya jure ruwa da zafin bazara, sai a nemi mai haɗi biyu wanda ake gaurayawa. Irin wannan dunƙule ba maharbi kaɗai yake yi wa amfani ba, yana yin ƙotar wuƙa da sandar hannu da ƙafar kujera, saboda haka ba ya kwantai.

Saura bushewa, inda galibin rigimar dillali da mai saye take fitowa. Katakon da ya taso daga Sapele ko Ondo da danshin kurmi yake zuwa. Ya iso nan ya haɗu da iskar hunturu, bayansa ya bushe cikinsa da ruwa, sai ya tsage daga baki. Turawa sukan ƙiyasta shekara ɗaya ga kowane inci na kauri. A nan ya fi haka sauri, saurin kuwa shi ne ke fasa shi. A shafe bakunan biyu da fenti ko kakin zuma, a jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, kada rana ta taɓa shi. Mai awo zai so danshin ya sauko wajen kashi 10 cikin 100. Wanda ba shi da na'ura ya ɗora guntun a sikeli, ya rubuta nauyin a jikinsa da alli, ya sake aunawa kowane wata. Ran da nauyi ya daina raguwa, ya bushe.

Mai sayen filawud don kabad ko ƙofa shi ma ga gwajinsa, tun da muna kan maganar gam. A yanki ɗan guntu a jefa a tafasasshen ruwa na sa'a guda. Na gam mai jure ruwa, wanda layinsa baƙi-baƙi ne idan an dubi gefe, zai fito yadda ya shiga. Na gam mai araha zai buɗe kamar littafi. A duba gefen kuma a ƙirga hawan, a ga ko akwai rami a tsakani, a kuma sa awo, gama wanda ake kira mai milimita 18 sau da yawa ba ya cika.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar azara da kwanon rufi kafin damina ta sauka. Wassalam.