Taron Nuna Sabuwar Fasaha: A Sa Kayan a Hannun Jama'a

Sana'ata shirya taruka ce, galibi na manoma da masu sana'ar hannu, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin da muke narkarwa a taron da ake kira na ci gaba, amma a watse ba wanda ya taɓa abin da aka zo nunawa. A kama zauren otal, a buga katin gayyata, babban baƙo ya iso a makare, a sha jawabai da Turanci har azahar. Shi kuwa saurayin da ya ƙera injin sussukar masara yana can bakin ƙofa da injinsa, sai an fito cin abinci ake leƙa shi.

Duk mai shirya irin wannan taro ya kamata ya san yadda aka shigar da buhu mai hawa uku, wato PICS, cikin ƙauyukan Najeriya da Nijar. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Afirka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007 domin ajiyar wake. Leda biyu ce masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne ana ɗaure bakinsa daban. Iska ba ta shiga, sai ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. To, da bayani kawai aka yi wa manomi, da bai yarda ba. Sai malaman gona suka riƙa tara mutane a dandali, a zuba waken 'yan garin a gabansu, a matse iskar, a murɗe bakin leda a ɗaure, a ajiye. Bayan watanni a sake yin shela, a kwance buhun a bainar jama'a. Na ga yadda dattijo ke cusa hannu har gwiwar hannu, ya damƙo waken ƙasa, ya baza a tafinsa yana neman huji, ya sunsuna ko zai ji warin magani. Daga nan ba ya buƙatar jawabin kowa. Gani ya kori ji.

Darasin da na ɗauka shi ne taro biyu ake shiryawa: na nunawa da na komawa. Mafi yawanmu a na farko muke tsayawa, domin shi ne mai hoto.

Sai batun lokaci. Kada a sa taron manoma a tsakiyar noman farko, ko ranar kasuwar garin, ko ya ci karo da sallar Juma'a. Sanarwa ta bi ta hannun dagaci da liman da gidan rediyo, ba Facebook kaɗai ba. Mata kuma su ne ke ajiyar wake da gyaɗa a gidaje da yawa, alhali da dama cikinsu ba sa fita dandali. A ware musu zama a cikin gida, mace ta nuna musu da hannunta. Idan ba a yi haka ba, an bar rabin masu amfani da kayan a baya.

Akwai abin da nake dagewa a kansa ko da masu ɗaukar nauyi ba su so ba: dole mai sayar da kayan ya zo wurin, ya faɗi farashi, ya faɗi inda rumfarsa take. Zalunci ne a kwaɗaita wa mutum abu, ya tashi saye a ce sai ya je Kano ko Kaduna. Haka kuma kuɗin mota da ake rabawa, a yi hattara da shi. Da zarar ya zama shi ke tara jama'a, kujeru za su cika da waɗanda ba su da gona, a rubuta rahoton nasara, a ƙasa kuwa babu komai.

Jama'a, idan an gayyace ku taron sabuwar fasaha, ku nemi a kunna injin a gabanku, ku tambayi kuɗinsa da wanda zai gyara shi in ya lalace. Ku kuma abokan aikina, ku rage jawabai, ku ware kuɗin komawa garin tun a kasafin farko.