TSUTSA DA ƘWARIN SAIWA A LAMBUN GIDA

Da ranin da ya wuce aka ba ajinmu wani yanki na lambu, muka dasa tumatir da kuɓewa da kabeji. Ran nan da safe muka tarad da dashen tumatir da yawa kwance, kamar an bi su da aska. Waɗansunmu suka ce akuya ce, waɗansu suka ce ɓera. Mai kula da lambun, wani dattijo, bai ce kome ba. Sai ya tsuguna ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya fito da wata tsutsa mai launin ƙasa ta naɗe kamar zobe. Tun daga ran nan muka gane cewa ba ƙarancin magani ya kan kashe lambu ba, ƙarancin dubawa ne. Abin da muka koya shi muke so mu rubuta a nan, domin lambun gida shi ne miyar iyali, wani lokaci kuma shi ne kuɗin sabulu da na littafin yara.

Da farko ya kamata mu san asalin tsutsa. Ba daga raɓa take fitowa ba, ba kuwa daga ruɓar ganye ba. Malam-buɗe-littafi ko faɗa-wuta shi ke saka ƙwai a jikin ganye, yawanci ta ƙarƙashi. Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito ta yi ta ci har mako biyu ko uku. Sa'an nan ta daina ci, ta shiga wani ɗan kwanso, a jikin ganye ko cikin ƙasa, kana ta fito da fiffike ta sake saka ƙwai. Mace guda ta kan saka ƙwai ɗaruruwa. Ashe wanda ya murtsuke ƙwai ko ƙaramar tsutsa yau, ya hutar da kansa yaƙin wata mai zuwa.

Tsutsotsin da suka fi damun mai lambu iri uku ne. Akwai mai cin ganye, wadda ke huda kabeji da alayyafo. Akwai mai huda 'ya'ya, wadda ke cusa kanta cikin tumatir ko kuɓewa ta bar sauran jikinta waje. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiya mai shiga tsakanin fatar ganyen tumatir, ta yi ta ci har ganyen ya yi fari ya bushe. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta shiga Sifen a 2006, a 2016 kuwa ta yi wa manoman tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa mummunar ɓarna, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa.

Maganin farko hannu ne. A shiga lambu da sassafe da kuma yamma, a riƙa juya ganye. Abin da aka samu a tsince a zuba wa kaji. Ganyen da ya yi farin tabo da tumatirin da aka huda a cire, a ƙone ko a binne da zurfi, kada a jefar gefen lambu, gama tsutsar za ta ƙarasa girmanta a can ta komo. In sun yi yawa a nemi 'ya'yan dalbejiya busassu, a ɓare, a daka ƙwayar kamar giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ta kwana, a tace da ƙyalle, a yayyafa da yamma bisa ganye da ƙarƙashinsa. Ba ya kashewa nan take, amma yana hana tsutsa ci da girma. Sai a maimaita bayan mako guda.

Sa'an nan mu san abokanmu. Zanzaro ya kan ɗauki tsutsa ya kai ɗakinsa na laka don 'ya'yansa. Kwaɗo da ƙadangare da gizo-gizo duk ma'aikata ne da ba su karɓar lada. Wanda ya yi gaggawar fesa guba ya kan kashe su tare da maƙiyi. In kuwa ya zama tilas a sayi maganin kanti, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, a rufe hanci da baki, a kuma jira kwanakin da aka faɗa kafin a tsinki abin miya. Kwalbar kada a bar ta inda yaro zai kai hannu.

Ɓarnar ƙarƙashin ƙasa ta fi wuyar ganewa. Tsutsar da ta yanke mana dashe da dare take fita, da rana ta ɓuya kusa da gindi. A tona a kama ta, ko a kewaye gindin dashe da takarda mai kauri, a nutsa ta kaɗan cikin ƙasa. Akwai wata fara mai kama da gwazarma, mai cin saiwa. Gara kuma ta kan bi busasshen kara da takin da bai ruɓe ba, saboda haka a bar taki ya ruɓe sarai kafin a zuba.

In shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa na da laima, a tuge ta a duba saiwar. In ta kumbura ƙulu-ƙulu, aikin waɗansu tsutsotsi ne da ido ba ya gani sai da madubin likita. Amma a lura, ƙananan ƙulu na saiwar wake da gyaɗa ba cuta ba ne, su ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Su a gefe suke manne, yatsa na kaɓe su, na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Shukar da ta kamu ba ta warkewa. A ƙone saiwar, a kafce wurin da bazara rana ta gasa shi, kada kuma a mai da tumatir ko kuɓewa ko gauta nan sai an shuka dawa ko gero tukuna.

Mu da za mu zama malamai, ga hanya mai sauƙi ta koya wa yara wannan. A sa tsutsa cikin kwalba da ɗanyen ganye, a rufe bakin da ƙyalle, su riƙa dubawa kullum har ta fito da fiffike. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga haka da idonsa, in ya koma gida, shi zai fara juya ganye a lambun mahaifinsa. Allah ya ba mu albarkar ƙasa, amin.