Hukuncin Dasa Sashen Dabba A Zuciyar Mutum

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani mai karatu daga Kakau, kudu da Kogin Kaduna, ya aiko yana tambaya: idan likita ya ce sai an sa wa majiyyaci marfin zuciya na dabba, shin ya halatta ya yarda? Kuma yaya sallarsa?

Kafin a faɗi hukunci sai an san abin da ake magana a kai. Zuciya tana da marufa 4 masu buɗewa da rufewa, don kada jini ya koma baya. A ƙasarmu abin da ya fi lalata su shi ne zazzaɓin da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara idan ba a yi maganinsa sosai ba. In marfi ya lalace akan sa na ƙarfe ko na dabba. Na ƙarfe ya fi ƙarko, amma mai shi zai sha maganin tsinka jini iyakar ransa. Na dabba kuwa, wanda ake yi da tantanin zuciyar saniya ko marfin zuciyar alade, galibi bai bukatar wannan, sai dai yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 15, musamman a jikin matashi.

Da yawa daga wannan ilmi a jikin dabbobi aka fara koyonsa. A kan karnuka aka gwada aikin da aka fara yi wa jariri mai nakasar zuciya a Amurka cikin 1944. A kansu kuma aka ƙware wajen dashen zuciya, kafin Dokta Christiaan Barnard ya dasa zuciyar mutum ga mutum a Afirka ta Kudu cikin 1967. Majiyyacin ya yi kwana 18 ya rasu.

Dashen zuciyar dabba ɗungum kuwa har yanzu gwaji ne. Cikin 1984 an sa wa wata jaririya zuciyar gwaggon biri a Amurka, ba ta wuce mako 3 ba. A watan Janairu na 2022 likitocin Jami'ar Maryland, cikinsu har da Dokta Muhammad Mohiuddin, suka dasa zuciyar alade ga wani mutum mai shekara 57, bayan an sauya wa aladen ƙwayoyin halitta 10. Ya rayu wata 2, aka kuma sami alamar wata ƙwayar cutar aladu a zuciyar. Haɗarin iri biyu ne: ko jiki ya ƙi baƙon abu ya yaƙe shi, ko cutar dabba ta shigo tare da shi.

To, ina hukunci? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka cikin 1985, ta halatta ɗaukar gaɓa daga dabbar da ake ci wadda aka yanka bisa shari'a, ba tare da wani sharaɗi ba. Wadda ba a ci kuwa, sai bisa larura. Tushen wannan yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 173, domin ayar da ta haramta mushe da naman alade ita ce ta ɗauke laifi daga wanda ya matsu. Malaman da ma sun yi magana a kan irin wannan. Imam Nawawi ya bayyana cewa wanda ƙashinsa ya karye, ya rasa ƙashi mai tsarki, aka ɗora masa da mai najasa, yana da uzuri, sallarsa ta inganta.

Saboda haka ga tsarin da ya kamata a bi. Na ɗaya, majiyyaci ya tambayi likita da abin da aka yi marfin, kada ya ji nauyi. Na biyu, idan na ƙarfe ko na saniya zai yi masa, kada ya tsallake zuwa na alade. Na uku, idan amintaccen likita ya tabbatar babu mafita sai wannan, ya karɓa da natsuwa, ya yi sallarsa da azuminsa, babu komai a kansa. Ƙin magani har rai ya salwanta ba tsentseni ba ne.

Sauran magana ga masu bincike, tun daga ɗaliban likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har zuwa manyansu. Dabba amana ce. Hadisi ya tabbata cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Don haka kada a tsaga dabba sai da bukata ta gaskiya, a ba ta maganin gusar da zafi, kada kuma a kashe goma inda biyu za su wadatar.

Iyaye kuma, maganin kada a yi, kada a fara. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi asibiti, ya sha magani har ya ƙare.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.